Yadda ake hawan bedi ko gawo da igiya a rage mishi rassa

Daga watan Mayu, da iskar farkon damana ta fara tada ƙura, masu gida a Maradi ke shiga neman mai hawa icce ya zo ya rage ma bedin ƙofar gida rassa kar wani reshe ya karyo bisa kwano. Masu hawan akwai su kuma wallahi jarumai ne, amma yawanci adda ce a hannu sai ƙafa ba takalmi, shi kenan. To ga yadda masu sana'ar ke yi da igiya, kuma duk abin da zan faɗa ya tsaya kan abu guda: tun da ƙafarka ta bar ƙasa har ta dawo, kar a samu lokacin da ba ka ɗaure da iccen.

Kafin komi ka zagaya iccen kana kallo. Ka duba gindi ko gara ta ci, ko akwai kogo, ka bubbuga da ƙotar gatari ka ji in holoƙo ne. Ka ɗaga kai ka nemi busassun rassa, gidan rina, zuma, sannan wayar wutar lantarki ta NIGELEC. In reshe na taɓa waya ko yana kusa da ita ka bar aikin nan sai sun zo sun yanke wuta, ɗanyen icce na ɗaukar kuran. In gawo ne kuma ka fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji, don yana cikin itatuwan da doka ta kare, dokar daji ta 2004 na nan tana aiki, kuma kai mai adda za a fara riƙewa kafin a nemi mai gonar.

Sai kaya. Igiyar hawa daban take da shuɗiyar igiyar ledan nan ta kasuwa da ake ɗaure kaya bisa mota ko a ja guga da ita, waccan rana na cinye ta tun daga ciki, tana santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta. Ta hawa kaurinta milimita 11 zuwa 13 ne, saƙa biyu gare ta, ciki da riga, ba ta miƙewa sosai, kuma ta kirki za ka ga an rubuta EN 1891 a bakinta, lambar shaidar inganci ce ta Turai. Kana buƙatar ɗamarar zama wadda ke kama ƙugu da cinyoyi, ba a ɗaura igiya tsirara a ciki, in ka zame haƙarƙari za ta matse ma. Sai ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle kansu, ana buga ƙarfinsu a jiki, ka nemi 22 kN ko sama, kN ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin. Sai gajeriyar igiya kamar metir 3 zuwa 4 ta rungumar icce, hular kwano mai maɗauri a haɓa, da zarton hannu cikin kube. Kayan na da tsada, ban musa ba, irin na kamfanin Petzl daga Faransa suke zuwa, amma ana iya haɗa kuɗi mutum biyu uku a saya a riƙa karɓa-karɓa. Na gwanjo dai a yi hattara, ba ka san wahalar da igiyar ta sha a hannun mai ita na farko ba.

Ɗora igiya daga ƙasa ake yi. Ka ƙulla ɗan ƙunshin yashi a siririn zare ka jefa ta saman reshe mai rai, daidai inda ya haɗu da uwar iccen, kaurinsa ya kai cinyar babban mutum, sai ka ja babbar igiyar da zaren. Kai da yaronka ku rataya a kanta tare ku girgiza. In kun ji ƙara ko reshen ya sunkuya a sake wuri. A bedi ka kiyaye tohon da ya fito bayan an taɓa datse kan iccen, yana yin kauri da sauri amma a fatar icce kawai yake riƙe, yana ɓallewa ba sallama.

Baki ɗaya na igiyar ka yi mishi ƙullin takwas, wato mai siffar lamba 8, ka maƙala a ɗamara. Ɗaya ɓarin kuma ka naɗa mishi ƙaramar igiya mai milimita 8 sau uku, shi ne ƙullin Prusik, shi ma ka maƙala shi a ɗamara, in ka tura shi da hannu ya tafi, in nauyinka ya sauka a kai ya cije. Ka jawo igiya ƙasa, ka tura ƙullin sama, ka taka icce, haka haka har ka kai. Can ƙarshen igiyar ka yi ƙulli kar ta zare wajen sauka. Wurin da mutane suka fi faɗowa shi ne wajen canza reshe, don haka ka fara zagaya gajeriyar igiya a icce ka kulle, ka zauna a kanta ka ji ta ɗauke ka, sannan ka kwance babbar ka maida ta sama. Lokacin yanka ma duka biyun su kasance a ɗaure, kowace ta nata gefe, nesa da bakin zarto.

Reshe sau uku ake yanka shi. Ka fara ta ƙasa kamar santimita 30 daga uwar icce ka ci kashi ɗaya cikin uku, ka koma ta sama ɗan gaba kaɗan har ya faɗi, sannan ka cire guntun da ya rage ba tare da ka shafe kumburin gindin reshen ba, ta nan iccen ke warkewa. In akwai ɗaki ko katanga a ƙasa, a ɗaure reshen da wata igiya dabam, yaronka ya naɗa ta a gindin icce ya riƙa saki a hankali, kar ya kuskura ya naɗa a hannu. Injin yanka icce kuma sai wanda ya gwanance da shi a ƙasa tukuna, kuma hannu biyu ake riƙe shi.

Ka yi aikinka da sassafe, zafin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40 kuma jiri a sama ba wasa ba ne, balle da azumi a baki. Hadari ya taso ka sauko. Yaronka ya kore yara daga ƙarƙashi, waya na hannunsa, ya san 18 ce lambar ƴan kashe gobara. Ciniki kuma a gama shi tun kana ƙasa: wa ke da iccen da aka sare, wa zai kwashe ganye, in kwano ya lotsa wa zai biya, don sau da yawa iccen girkin ya fi kuɗin aikin daraja kuma a nan ake rigima. In ka koma gida ka bi igiyar da hannu daga baki zuwa baki, inda ka ji ta yi laushi ko ta kumbura ko zarto ya taɓa ta ka yanke wurin. Ka wanke ta da ruwa zalla, ta bushe a inuwa, ka aje ta cikin buhu nesa da ruwan batir da esansi.