Yadda za ka raba ƙarfinka a gasar tafiyar sauri

Duk mai zuwa filin Haliru Abdu nan Birnin Kebbi bayan sallar asuba ya san mu, mu ne masu karairaya ƙugu muna zagaya fili 'yan ƙwallo na mana dariya wai tafiyar agwagwa. Ba komai, su shigo su yi zagaye biyar mu gani. Samarin da sunka fara biyo mu kwanan nan nake son mu yi magana da su, don na lura duk ciwonku ɗaya ne, da an busa usur sai ku fizga kamar an sako kare.

Wasan nan doka biyu gare shi. Kar alƙali ya ga ƙafafunka biyu sun bar ƙasa lokaci guda, sannan ƙafar da ka jefa gaba dole gwiwarta ta miƙe tun daga sanda diddige ya taɓa ƙasa har ta zo daidai ƙarƙashin jikinka. To nan fa wahalar take. Mai gudu in ya gaji rage gudu zai yi shi ke nan, kai kuwa in cinya ta mutu gwiwa ce za ta fara lanƙwashewa ko ka riƙa ɗan tsalle ba ka ma sani ba, alƙali ya ɗaga maka ɗan allo yalo, wannan gargaɗi ne, in ka ci gaba ya rubuta jan kati. Ja uku daga alƙalai uku daban-daban, a tsayar da kai gefe ka ci horo, minti 1 in kilomita 10 ce, minti 2 in 20 ce, na huɗu kuma an kore ka. Gasar da ba ta da wurin horo, na uku ma ka fita.

Ni a jikina na koya. Gasata ta farko mita 10,000 ce, na biyo wani dogon yaro da ya fi ni nisa, zagayen farko na duba agogo na ga minti 2 da daƙiƙa 5, a raina na ce yau sai ni. Kafin zagaye na 14 harshena ya bushe kamar ƙanzo, koci na gefe yana ta ihu "miƙe gwiwa! miƙe gwiwa!" wallahi ina ji amma ƙafar ta ƙi. Ban kai ƙarshe ba.

Saboda haka ka yi lissafinka tun a gida. Fili mita 400 ne, kilomita 10 zagaye 25 ke nan. In burinka awa ɗaya, kowace kilomita minti 6, kowane zagaye 2:24. Rubuta shi a bayan hannu da biro in kana mantuwa. Zagaye huɗu ko biyar na farko ka yi su 2:27 ko 2:28, za ka ji kamar wasa kake, mutane za su wuce ka, zuciya za ta ce bi su. Kar ka bi. Daƙiƙa 15 ɗin da ka bari za ta dawo, kuma rabin waɗanda sunka wuce ka za ka tarar da su gaba suna jan ƙafa. Daga nan ka zauna kan 2:24 har zagaye na 17 ko 18, in ka samu wanda takunku ya zo ɗaya ka laɓe bayansa, musamman lokacin hunturu da iska ke bugun ƙirji a gefe ɗaya na filin.

Manya ma suna faɗawa ramin nan. Yohann Diniz na Faransa, wanda ya kafa tarihin duniya na kilomita 50 a 2014 da 3:32:33, a Olamfik ɗin Riyo 2016 ya tsere wa kowa tun farko, ga ciwon ciki, har ya yanke jiki ya faɗi kan titi, ya tashi ya ƙarasa na takwas. Matej Toth na Sulobakiya da ya bi a hankali shi ya ɗauki zinare.

Sai zafi, wanda mu nan ba sai an faɗa mana ba. A gasar duniya ta Doha 2019 sai ƙarfe 11:30 na dare aka fara kilomita 50 don gudun zafi, duk da haka Yusuke Suzuki na Japan da ya ci 4:04:20 ya yi, sama da rabin awa bayan tarihin Diniz. In su sun rage, kai wane ne da za ka ce lokacin da ka yi a Disamba shi za ka yi a Afrilu? Ni a bazara nakan ƙara daƙiƙa 3 ko 4 kan kowane zagaye tun farko, in kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, sauran in zuba a ka da wuya.

In lokacin ƙara wuta ya yi, wajen zagaye bakwai na ƙarshe, kar ka buɗe taku. Dogon taku shi ke sa mutum tashi sama. Taku gajere za ka yi amma da sauri-sauri, hannu a lanƙwashe kana tura gwiwar hannu baya da ƙarfi, ƙafa za ta bi hannun da kanta. Kafin ka ƙara wutar ka saci kallon allon da ake liƙa jan kati a jikin lambar kowa. In ba ka da ko ɗaya, bismillah. In biyu ne a kanka ka haƙura da wanda ke gabanka, ka riƙe 2:24 ɗinka har layi.