Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kan Prochlorococcus

Duk sanda jarabawa ta matso nakan yi bita da ɗaliban nazarin ƙananan halittu a Samaru, kuma kullum wuri ɗaya ake faɗuwa: Prochlorococcus, bakteriyar tekun nan mai haɗa abincinta da hasken rana, wadda Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana a 1988.

Wasu gansakuka suke ce mata, don ita suka saba gani a bakin kogin Kubanni. Sayanobakteriya ce, wato dangin bakteriya masu haɗa abinci da hasken rana, ko maikiromita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba ta kai ba. Wannan gyaransa ba wuya.

Babbar ɓarnar tana wajen jinom, wato kundin gado. Nau'in MED4, mai zama a saman ruwa inda rana ke duka, ƙwayoyin gadonsa wajen 1,700 ne, shi kuwa MIT9313 na can ƙasa inda haske ya yi ƙaranci ya haura 2,200. Sai ɗalibi ya rubuta wai MED4 ne bai ci gaba ba. Ina! Kakanninsa sun fi shi kaya, zubarwa aka yi. Naitirojin da fosfaras sun yi ƙaranci a tsakiyar teku, da su kuma ake gina DNA, saboda haka mai ƙaramin kundi ya fi samun sauƙin hayayyafa.

A kula da lafazi kuma. Wata ɗaliba ta miƙo mini takardarta, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin "ta yanke shawarar rage kayanta". Na ce, "Malama, da wa ta yi shawarar?" A rubuta cewa waɗanda suka rasa abin da bai zama dole ba su suka fi yaɗuwa, zuriya bayan zuriya.

Misalin zubarwar da ya fi burge ni katales ne, sinadarin da ke karya gubar haidirojin ferokzayid. Prochlorococcus ba ta da shi, maƙwabtan bakteriya irin su Alteromonas ke share mata ruwan, kamar ɗalibin da bai sayi risho ba don abokin ɗakinsa na da shi.

Kada kuma a ce zubarwa kawai take yi, tana ɗauka ma. Bairos ɗin da ke kama ta kan yi jigilar ƙwayoyin gado daga wannan zuwa waccan. Prochlorococcus na Tekun Sargaso da ke cikin Atlantika, inda fosfaras ya yi ƙaranci ƙwarai, sun fi na kusa da Hawai yawan ƙwayoyin gadon tsotso shi. Idan tambaya ta zo, a ambaci ruwan da nau'in yake ciki tukuna, sannan a kawo lissafin.