Yadda Ake Koyon Tsallaka Hannu a Sonatocin Scarlatti

Domenico Scarlatti, mai tsara kiɗa ɗan Italiya wanda aka haifa a Naples a 1685 ya kuma rasu a Madrid a 1757, ya bar sonata 555, wato gajerun kaɗe-kaɗe da aka rubuta, akasarinsu na hafsikod, kayan kiɗan da fiyano ya gada. Yawancinsu ya tsara su ne domin ɗalibarsa Maria Barbara, gimbiyar Fotugal da ta zama sarauniyar Sifaniya. Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne wurin da hannu ɗaya ke tsallake ɗan'uwansa ya dawo, kamar a K. 29 da K. 120, bisa lambobin da Ralph Kirkpatrick ya jera a 1953.

Da farko, a daina dukan maɓallai. A hafsikod ɗan tsinke ne ke fizgar tsirkiya, saboda haka ƙarfin yatsa ba ya ƙara amo sai ƙarar katako, kuma babu fedal, wato abin da ake takawa da ƙafa don tsawaita amo, da zai rufa wa kuskure asiri. Wanda hafsikod ya fi ƙarfin aljihunsa zai iya yi da fiyano, muddin ya ɗauke ƙafa daga fedal.

Sannan a ware tsallen shi kaɗai. A kai hannu inda zai sauka, a ɗora yatsa kan maɓallin ba tare da an danna ba, a tsaya, a tabbatar an dace, kana a danna. Ido ne ke riga hannu isa, motsin kuma daga kafaɗa yake tasowa, hannun yana tafiya ƙasa-ƙasa dab da wanda ya tsallake. Ɗalibai da yawa sukan ɗaga hannu sama su yi baka da shi don ya ƙayatar, alhali tafiyar tsawo take ƙarawa, sai a sauka a makare. Dawowar ma a ba ta nata lokaci, domin a nan aka fi kuskure: hankali ya riga ya kwanta, ana ganin an wuce wahala. A ganina, wanda bai iya kiɗa sashen a hankali ba tare da kuskure ba, bai kamata ya kunna na'urar ƙidayar bugu ba tukuna.

Bayan haka a haɗa hannun da ke zaune, a ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Maimaita sauti ɗaya da sauri, irin na K. 141, ana yin sa da sauya yatsu, na tsakiya, manuni, sai babban yatsa. Adon sauti kuwa, wato 'yan gajerun sautukan da ke ƙawata kiɗa, a bar shi sai tsallen ya zauna.