Babi na 7: Yadda ido ke riƙe abu mai motsi

Jajayen awakin Maradi kusan duk kamarsu ɗaya. In naku uku suka kutsa cikin garken maƙwabci, launi ba zai taimake ku ba. Abin da ido ke riƙewa shi ne inda kowace take da inda ta dosa.

Darasi na farko

Ku zauna biyu-biyu. Ku samo marafen kwalba 8 iri ɗaya, da faffaɗan faranti, da gawayi. Mutum ɗaya ya goga gawayi a cikin marfi 3, ya nuna wa abokinsa, sannan ya kife su duka a kan faranti. Kifewa na nufin bakin marfi ya dubi ƙasa, baƙin ya ɓuya. Sai ya riƙa girgiza farantin a hankali yana ƙirga ɗaya zuwa goma. Ya tsaya. Mai kallo ya nuna ukunsa, a buɗe a gani.

Ga inda ake faɗuwa. Kada ku bi marfi ɗaya-ɗaya da ido. Ku ajiye ido a tsakiyar ukun, ku ɗauke su kamar duwatsun murhu, abu guda mai ƙafa uku.

Ku miƙa hannu ku dubi farcen babban yatsa. Wurin da ido ke gani tangaran bai fi wannan faɗin da yawa ba, sauran duk gani ne na gefe. Ido kan yi tsalle kamar sau 3 a daƙiƙa, kuma yana cikin tsalle ba ya ɗaukar hoto mai kyau. Kun leƙa na dama, na hagu ya gitta wani, shi ke nan an yi musanya ba ku sani ba.

To, a sake. Ido a tsakiya. Wanda ya ɓata kada ya ji kunya, ba tsufa ba ne. A 1988 masana a Kanada sun nuna cewa mutum kan iya bin abu 4 ko 5 cikin 10 masu kama ɗaya. In an ƙara gudu ko cunkoso kuma, adadin kan ragu.

A sake dai. Malam, na ce tsakiya, ga idonka can yana bin na gefe. Hajiya, ban da sa yatsa. Mai girgiza kuma, ba sheƙar gero aka sa ka ba, sassauta hannu. Wanda bai ci uku sau 5 a jere ba, kada ya ce zai ƙara na huɗu.

Darasi na biyu

Ku gangarar da lemo ta bayan littafin da aka kafa a tsaye. Kada ido ya tsaya inda ya shiga, ya jira shi ta ɗaya gefen. Haka kabu-kabun da ya shige bayan babbar mota, yana nan tafe da gudunsa. Ku bari ya fito kafin ku tsallaka titi.

Darasi na uku

Ku maimaita na farko da marfi 4. Ido a tsakiya.