Masu jan ƙaramar tirela, ku duba boris kafin Hawan Kibo

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin ɗaura ƙaramar tirelar zango a bayan mota daga Jos zuwa Abuja, kada ya tsaya ga duba iskar taya kawai. Tirelar da ta kwana damina a ajiye, ruwa kan shiga boris, wato ƙwayayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ya lalata giris.

Ka sa jak ka ɗaga tayar, ka juya ta da hannu. In ka ji gurnani, boris ya tafi. Sannan ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, a kwance ta a ciro boris ɗin. A wanke da kananzir, ya bushe, a cusa sabon giris har cikin ƙwayayen, ba shafa a baki ba yadda wasu yaran gareji suke yi. Sil ma, robar da ke tsare giris, a canza. Noti kuwa kada a ɗaure shi tamau, a ɗan sassauta kafin a sa fin ɗin da ke riƙe shi.

In giris ya taɓa cikin dram, wato kwanon birki, birki ba zai kama ba.

A gangaren Hawan Kibo ka sauko da ƙaramar giya. Ka tsaya a ƙasan gangaren ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya: ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi sauran zafi, nemi bakanike tun kafin Akwanga.