Shirin tafiya daga Marwa zuwa Kuseri, a arewacin Kamaru, a hunturu

Da farko, ana gobe tafiya ka kai motar wajen bakanike ya busa matatar iska, don ƙurar Disamba zuwa Fabrairu nan da nan take toshe ta. A duba ruwan lagireto da safaya.

Sannan ka cika tanki tun a Marwa, ka ƙara jarka guda. Da ka wuce Mora ka nufi Waza, kada ka dogara da man bakin hanya.

Ka ɗauki ruwan sha, bargo, rawani, da man kaɗanya saboda tsagewar leɓe.

Kada ka yi sammakon asuba, sanyi ga hazo. Bari rana ta ɗaga, ka kunna fitila ko da tsakar rana ne, ka rage gudu. Katin shaida a aljihun gaba, shingaye da yawa. Magariba ta same ka cikin gari.