Yadda ake tsara bishiyar tattara kuɗi da adadi a lojisiyel na kontabilite

Na gaji da ganin abu guda a burorin Yamai: a ɗauko sabon kontabul ko ɗan sitaj, a ce mishi ga kwamfuta, tsara muna lojisiyel yadda maigida zai riƙa ganin abin da kowane reshe ya ci a wata, sai yaro ya zauna ya fara buga lambobi kai tsaye, bayan wata uku rahoto ya fito, kuɗi sun yi daidai da balans, wato teburin jimlar kowane asusu, amma adadin kaya ya cakuɗe kamar an zuba gero da shinkafa cikin buhu guda. Zan yi bayani da lojisiyel ɗin SAP don shi na fi riƙewa, amma wanda ke kan Sage 100 ko Odoo zai gane hanya, sunaye ne kawai sunka bambanta. Ba zan tsaya kan yadda ake buɗe kamfani ko shigar da tsarin asusu ba, wanda bai iya wannan ba bai kamata a ba shi wanga aiki ba.

Da farko rufe kwamfutar. Ɗauki takarda da biro ka zana bishiya. Gindi shi ne kamfani gaba ɗaya, manyan rassa su ne birane, a ce Yamai, Tawa, Ƙonni, Maraɗi, ƙarƙashin kowane birni kuma ga mangaza, ga sufuri, ga buro. Ganyen ƙarshe su ne cibiyoyin kashe kuɗi, waɗanda muke ce ma santir, kuma a kansu kaɗai ake ɗora faktir, rassa aikinsu tarawa ne kawai. Ni ban wuce hawa huɗu, na ga mai hawa bakwai kuma ko wanda ya gina ta sai ya yi bincike kafin ya gano inda ya ajiye garejin Tawa. Tambayar da za ka yi kan kowane ganye guda ce: wa za a kira idan kuɗin wurin nan ya yi yawa? In babu mutum guda da za a kira, ba santir ba ne, haɗe shi da maƙwabcinshi.

Sai lambobi. SAP yana ba ka har harafi 10 don lambar santir, amma 6 sun isa: biyu na birni, biyu na irin aiki, biyu na jeri. Ka bar gurbi tsakani, 10, 20, 30, don gobe maigida zai buɗe mangaza a Madawa ba tare da ya shawarce ka ba. Masu Sage wannan ya fi shafa, tunda can sashe, wato santir ɗinsu, iri biyu ne, na dalla-dalla da na jimla, kuma na jimla yana bin farkon lamba ne, in lambobinka ba su jeru ba jimlar ba za ta kama su ba.

Yanzu ka buɗe kwamfuta. A SAP babbar bishiya ana gyara ta da OKEON (lambar umarni ce da ake bugawa don buɗe shafin aikin, haka ma sauran irinta da za ka gani ƙasa), santir ana ƙirƙira shi da KS01, kuma lojisiyel ba zai yarda ka ajiye santir ba sai ka nuna mishi reshen da zai rataya. A babbar bishiya kowane santir sau guda yake fitowa. In darakta ya ce yana son ganin duk sufuri wuri guda ba tare da la'akari da birni ba, kada ka taɓa babbar bishiya, je KSH1 ka yi wani rukuni na gefe, irin waɗannan kana iya yin ko nawa kake so. Haka su ma asusun kashe kuɗi, ana tara su rukuni-rukuni da KAH1, kuma mu nan aikin ya zo da sauƙi don SYSCOHADA, tsarin asusun kamfanoni da Nijar ke bi, da anka sabunta, wanda ya fara aiki 1 ga Janairu 2018, ya riga ya jera aji na 6, wato na kashe kuɗi: 61 sufuri, 622 haya, 6052 kuɗin kuran, 66 albashi, 68 tsufan kayan aiki. Bi wannan jeri kawai, kada ka ƙirƙiro naka.

To ga inda ake faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Kuɗi ba su da rigima, sefa sefa ce, ta Tawa da ta Maraɗi in ka haɗa su sefa za su ba ka. Adadi kuwa kowane da ma'auninshi, lita, kilo, tan, buhu, katan, kilomita, kan mutum, kuma bishiya ba ta da hankali, abin da ka rataya mata shi take tarawa. A ce mangazar Tawa ta karɓi shinkafa buhu 400 mai kilo 50, ta Ƙonni ta karɓi buhu 400 mai kilo 25, magazinye biyu kowa ya rubuta buhu 400 kuma babu wanda ya yi ƙarya. Reshen sama zai ce maka buhu 800. In kuɗin kamiyo jikka 900 ne, rabo da buhu zai ɗora wa kowa jikka 450, alhali Tawa tan 20 ta ɗauka, Ƙonni tan 10, wato 600 da 300 ya kamata. Shugaban reshen Ƙonni zai sha faɗa kan jikka 150 da bai ci ba.

Maganinshi a fishar kaya yake, wato shafin bayanin kowane kaya cikin lojisiyel, ba a bishiya ba. Ma'aunin tushe na duk abin da ake aunawa ya zan kilo, buhu da tan su shiga a matsayin ma'auni na biyu tare da lissafin juyawa, kuma buhu mai 25 da mai 50 kaya biyu ne daban, kowane da lambarshi. Wannan ka yi shi tun ranar farko, don da zarar kaya sun fara shiga da fita canza ma'aunin tushe a SAP wahala ce babba, sai an kwashe sitok an warware takardun da ke buɗe. Gazuwal lita kawai, duro ba ma'auni ba ne. In ka ga rahoto ya fiddo maka tauraro a gurbin jimla, ba lalacewa ya yi ba, gaya maka yake ka haɗa ma'auni biyu da ba su haɗuwa.

Tarko na biyu ya fi wannan mugunta don ba ya nuna tauraro. Adadin da ba na kaya ba, kamar yawan ma'aikata, faɗin mangaza, tan da anka kai, ana ƙirƙira su da KK01 ana shigar da su da KB31N, kuma wajen ƙirƙira akwai zaɓi biyu: mai zama da mai taruwa. Mai zama in ka shigar da shi sau guda yana bin sauran watannin shekara har sai ka canza shi, shi ya dace da ma'aikata da faɗin wuri. Mai taruwa na watan nan ne kaɗai, shi ya dace da tan, lita, kilomita. A wani kamfani da na yi aiki nan Yamai na sa tan da anka kai a mai zama, ban lura ba, watan Janairu reshen Tawa ya yi jigila mai yawa, watannin da sunka biyo kamiyo ba su je sosai ba kuma babu wanda ya shigar da sabon adadi, lojisiyel ya ci gaba da raba musu kuɗin gazuwal da adadin Janairu. Sai da shugaban reshen ya hau bas tun daga Tawa ya zo da littafin magazinye a leda, ya ajiye min shi kan tebur ya ce "Malam kontabul, ƙirga da kanka", munka zauna har bayan la'asar muna bin shafi-shafi, kilim na aiki ni kuma ina zufa. Gyaran ya ci sati biyu don sai da munka warware rabon kowane wata munka sake shi. Kuma ku lura da juyin abin: ma'aikata 30 in ka tara su wata 12 rahoton shekara zai ba ka 360.

Kafin ka miƙa, gwada da wata guda da anka riga anka rufe. Fiddo rahoton S_ALR_87013611 kan gindin bishiya, sannan kan kowane reshe, jimlar rassa ta zo daidai da gindi, gindi kuma ka gwama shi da aji na 6 a balans, in akwai bambanci ka nemo dalilinshi layi-layi. Adadi kuma ka kira magazinye ya karanto maka nashi a waya, Excel ya isa wannan, ba sai an ɗauko konsiltan ana biyanshi kuɗin yini ba.

Rabon kuɗin buro da na kuran kan rassa ana yin shi da KSV5 ko KSU5 a ƙarshen wata, wannan darasi ne na daban. Abu guda kawai, a tsarin da munka saba rukunin santir bai san kwanan wata ba, in ka matsar da garejin Ƙonni zuwa ƙarƙashin Tawa yau, rahoton bara ma da sabon tsari zai fito, don haka kowane Disamba kafin a taɓa komai ka kwafe bishiyar ka liƙa mata shekara a ƙarshen suna, kuma izinin shiga OKEON ya tsaya hannun mutum biyu.